Littafin Adashen Inna da Zagayen da Ya Kayar da Ni

Ni 'yar Jega ce a jihar Kebbi. Mahaifina manomi ne, albasa da rani, shinkafa da damina. Mahaifiyata, wadda duk gidan muke kira Inna, uwar adashe ce. Tun ban yi wayo ba nake ganin yara na sallama a ƙofarmu ranar Juma'a, kowa da kuɗin zubin uwarsa dunƙule a hannu. Na fara da sana'ar Inna ne domin ba don littafinta ba, da tuni na bar karatun kwamfuta. Ina kuma ba da labarin ne saboda ƙannena da ke ajin farko na koyon rubuta manhaja, waɗanda suka iso darasin da malamai ke kira luf, wato zagayen da na'ura ke yi tana maimaita umarni, suka ji kansu ya ƙulle. Ni ma a nan na faɗi, faɗuwa ba ƙarama ba.

A 2021 na samu gurbi a jami'a. Kafin nan, sanina da kwamfuta bai wuce zaman da na yi a gabanta ranar jarrabawar JAMB ba. Da Python, ɗaya daga cikin harsunan da ake rubuta wa na'ura umarni da su, aka fara mana, kuma makonnin farko sun yi mini daɗi ƙwarai. Ka ce wa na'ura ta rubuta sunanka, ta rubuta. Ka ajiye lamba a mazubi, ka raɗa wa mazubin suna, ka haɗa shi da wani. Ka ce in kaza ne a yi kaza, in ba haka ba a yi kaza. Duk wannan abu ne da ido ke bi daga sama zuwa ƙasa kamar karatun wasiƙa, layi ɗaya aiki ɗaya. Sai ranar da malam ya rubuta wannan a allo:

for lamba in range(1, 11):
    print(lamba)

Layi biyu ne kacal, amma na'urar ta zubo lambobi goma, daga 1 zuwa 10. Aji ya yi ta gyaɗa kai, ni ma na gyaɗa. Don Allah ba zan ɗauki alhakin malamin ba, ya ce mu je mu bi shi a takarda mataki-mataki. Ni ce na ga kamar ɓata lokaci ne. Da na koma ɗaki na yi abin da na fi iyawa. Wanda ya taso a makarantar allo hadda ba ta ba shi tsoro. Na haddace misalai bakwai da aka ba mu, har da inda ake sa ɗigo biyu da tazarar da ake bari a farkon layi na biyu. Ko cikin dare aka tashe ni zan karanto su ba tuntuɓe. A zatona iyawar ke nan.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. A gwajin da aka yi mana a farkon 2022 babu na'ura a gabanmu, takarda ce da biro. Aka ce mu rubuta zagayen da zai tara lambobin da biyu ke rabawa ba saura, daga 2 zuwa 50, sannan mu faɗi abin da ke cikin mazubin jimla a ƙarshen zagaye na uku. Rabin farko na lallaɓa na harhaɗa daga haddata. Rabi na biyu kuwa na zura masa ido har aka ce a ajiye biro. Ban ma gane me ake nufi da zagaye na uku ba. A kaina abin gaba ɗaya yake faruwa, kamar ƙiftawar ido: ka danna, amsa ta fito. Ban taɓa kawowa a raina cewa yana da ciki ba, cewa na'urar tana shiga ta yi aiki, ta koma sama ta duba, ta sake shiga, kuma a kowace shiga abin da ke cikin mazubai yana canzawa. Maki 3 na samu cikin 20.

Ban gaya wa kowa a gida ba. Na san buhun albasa nawa Baba ya kai kasuwa kafin a biya mini kuɗin rajista. Ina cikin saƙe-saƙen neman canjin sashe sai malaman jami'o'i suka shiga yajin aiki ranar 14 ga Fabrairu, 2022. Muka tattara kayanmu muka dawo gida da zaton mako huɗu ne. Wata takwas muka yi.

Akwai ɗan kawuna a Birnin Kebbi da ke gyaran kwamfuta, yana kuma rubuta wa masu shaguna ƙananan manhajoji. Shi kaɗai na iya buɗe wa cikina. Ya sa na sauke Pydroid 3, manhajar da ke ba mutum damar rubuta Python a wayar Android ko babu data. Na roƙe shi ya turo mini tambayoyi da amsoshinsu. Saƙon muryar da ya maido mini har yau ban goge shi ba.

"Ƙanwata, in na turo miki amsa, hadda ta takwas za ki ɗora a kan bakwai ɗin da suka kayar da ke. Ajiye wayar tukuna. Samo takarda da rula, ki ja gida uku: zagaye na nawa, me ke cikin lamba, me ke cikin jimla. Yau ke ce na'urar. Kada ki tsallake layi, kada ki ce ai na san abin da zai fito."

Na ce, "Yaya, layi ashirin da biyar fa ke nan." Ya ce ko ɗari ne.

Raina bai so ba, amma na zauna a gindin dogon yaron tsakar gida na ja layukan. Kafin a shiga, jimla 0. Zagaye na ɗaya, lamba 2, jimla 2. Na biyu, lamba 4, jimla 6. Na uku, lamba 6, jimla 12. Sai na tsaya da biro a hannu. Goma sha biyu. Abin da aka tambaye ni ke nan a gwaji, abin da ya hana ni sukuni wata guda, ga shi ya fito a layi na uku ba tare da wata dabara ba. Na ci gaba har layi na 25, na samu 650. Sannan na ɗauki waya na rubuta range(2, 51, 2), lambar ta uku tana nuna tsallen bibbiyu, ita ma wayar ta ce 650. Ranar ce ta farko da na riga na'ura sanin amsa.

A wannan zaman ne kuma wani layi da ya daɗe yana tsaya mini a wuya ya wuce, wato jimla = jimla + lamba. A lissafin sakandare wannan magana ba ta yiwuwa, abu ba ya zama daidai da kansa bayan an ƙara masa wani. Ashe a nan ba labari ake bayarwa ba, umarni ne: ɗauko abin da ke cikin mazubi, ƙara masa, mayar da shi inda ka ɗauko. Sai da na yi hakan da hannuna sau ashirin da biyar sannan ya zauna.

A lokacin idon Inna ya fara gajiya da ƙananan rubutu, sai ta ce tunda ina gida in riƙa zama kusa da ita ranar zubi. Adashen nata hannu ashirin ne, mata goma sha takwas, biyu daga cikinsu suna da hannu bibbiyu. Kowane hannu naira 2,000 a mako, mai kwasa ta ɗauki 40,000. Littafin irin dogon nan ne na 'yan kasuwa, sunaye a jere da ajami daga gefe, makonni a sama, kowane zubi da alamarsa. Yara kan kawo kuɗin a warwatse, Inna ta ajiye kowane ƙulli daban, sai bayan la'asar ta zauna lissafi. Takan sa langa a gabanta babu komai a ciki, ta ɗora yatsa a kan sunan farko, ta kwance ƙullin mai sunan, ta jefa a langa, ta yi alama, yatsa ya sauka suna na gaba. In yatsa ya kai ƙasan shafi sai ta juye ta ƙirga.

Shekara nawa ina ganin wannan, amma sai a wannan Juma'ar na gane abin da nake kallo. Langar ita ce jimla, da sifili take farawa. Yatsan Inna shi ne mazubin da ke tafiya. Ƙasan shafi shi ke tsayar da zagaye. Littafin kuwa shi ne jadawalin nan da Yaya ya sa ni ja da rula.

Daren nan na ce sai na rubuta wa Inna manhajar adashe. Na rubuta, na danna, waya ta ce an tara 2,000. Na sake dubawa, 2,000. Inna ta ga na haɗe rai ta tambayi lafiya. Na shiga yi mata bayani da langa da yatsa, tunda yanzu na samu harshen da za ta ji. Ina bi mata layi-layi sai na ji bakina yana cewa a zuba, a koma sama, a mayar da langa sifili, a zuba. Ta katse ni: "Ke ɗiyata, in anka zuba kina juyewa, mi za ya taru?" Layin jimla = 0 na sa a cikin zagayen maimakon a samansa. Bambancin bai wuce saukowar layin ƙasa da tazarar gurbi huɗu a farkonsa ba, domin a Python tazarar ce ke nuna abin da ke ciki da abin da ke waje. A kowane zagaye ina zubar da abin da aka tara, shi ya sa zubin mace ta ƙarshe kaɗai ya rage.

Kuskure na biyu shi ne wanda har yau in na tuna gabana ke faɗuwa. Na gyara manhajar ta yadda za ta bi hannaye da lambarsu, ta tara kuɗi, ta kuma jero sunayen waɗanda suka zuba. Na rubuta range(1, 20), a raina daga ɗaya zuwa ashirin. Juma'a ta zagayo, na shigar da zubin kowa, waya ta ce 38,000. Na duba sunayen da ta jero, babu na wata tsohuwa mai ƙuli-ƙuli da ke riƙe da hannu na ashirin. Da ƙarfin gwiwata na ce, "Inna, Gwaggo mai ƙuli ba ta zuba ba."

Inna ko ɗaga kai ba ta yi ba. Ta juye langa ta ƙirga a gabana, 40,000 cif. Ta nuna mini alamar tsohuwar a littafi. Sannan ta ce, a hankali, "Wagga baiwar Allah shekara goma sha ɗaya tana zubi wurina, ko makon da mai gidanta ya rasu sai da ta aiko. Da na biye ma wayarki na aika gidanta, da wane ido zan dube ta?"

Daren nan barci bai zo da wuri ba. Adashe ba shi da takardar kotu, ba shi da jingina sai amana. Kalmar "ba ta zuba ba" in ta fita daga gidan uwar adashe, ta isa ta rushe sunan da mace ta yi shekaru tana ginawa. Ni kuma saura ƙiris in fitar da ita, saboda lamba ɗaya da ban fahimta ba. A Python, range yana farawa daga lambar farko amma yana tsayawa kafin ya taka ta ƙarshe. Ke nan range(1, 20) hannu 19 ne. Abin yana nan tun a misalin farko da malam ya rubuta a allo, 11 aka sa don a samu 10. Na haddace shi ban taɓa tambayar dalili ba. Daga baya na ga hikimar: in ka cire lambar farko daga ta ƙarshe, adadin zagayen ke fitowa, 21 a cire 1 saura 20. Haka nan range(20) shi kaɗai yana ba da lambobi ashirin, amma daga 0 zuwa 19, domin daga sifili Python take fara ƙirga kayan da ke cikin jeri.

Wannan tuntuɓen na ɗaya ya ƙaru ko ɗaya ya ragu ba baƙo ba ne a wurinmu, suna ne kawai ba mu raɗa masa ba. Haihuwar Talata, suna Talata. Kwana bakwai ne, amma in ka ƙirga ranakun da suka shiga ciki, har da ta haihuwar da ta sunan, takwas za ka samu. Mai ƙirga kwana da mai ƙirga rana duk suna da gaskiya, gardama tana tasowa ne in ba a faɗi wanne ake ƙirgawa ba. Tun daga ranar na ɗauki al'ada, duk zagayen da na rubuta sai na bi na farko da na ƙarshe da hannu. Tsakiya ba ta cika ba da kunya ba, bakin shiga da bakin fita ne ke yi. Sai kuma in gwada shi da jeri mai abu ɗaya, da jerin da babu komai a ciki. Inda kuma babu buƙatar lamba na daina ƙirgawa da kaina. In na rubuta for kudi in zubi, Python za ta bi kowa da kowa har jerin ya ƙare, ba wadda za a bari a baya.

Zagaye iri na biyu, while, a bakin turmi na fahimce shi. In Baba ya ce a auna wa ɗan ƙodago mudu goma, an san adadin tun kafin a fara, wannan for ne. Amma Inna ba ta taɓa ce mini in daka gero sau ɗari biyu ba. Cewa take yi in surfa har sai dusa ta fita. Ki daka, ki sa hannu ki duba, in bai yi ba ki ƙara. Ba adadi ke tsayar da ke ba, sharaɗi ne. Kuma while yana duba sharaɗin tun kafin a ɗaga taɓarya, saboda haka in an riga an surfa, ko sau ɗaya ba za a daka ba. Wasu harsunan, irin su C da Java, suna da wani nau'in da ke fara yin aikin sau ɗaya kafin ya duba. Python ba ta da shi.

Da while na so in san mako nawa zan yi ina tari kafin in sayi laftof na hannu. Yaya ya ce in nemi 120,000. Ni kuma ina samun kamar 3,500 a mako daga kitso da lallen da nake yi wa matan unguwa.

tari = 0
mako = 0
while tari < 120000:
    tari = tari + 3500
    mako = mako + 1

Haka ya kamata in rubuta, kuma amsar mako 35 ce. Amma a karon farko na manta layin da ke ƙara kuɗin, ga shi na sa ta riƙa nuna mini makon da ake ciki. Makonni suka yi ta gudu a fuskar waya, dubu, dubu goma, dubu ɗari, tari yana nan a sifili. Wayar ta ɗauki zafi a hannuna. An kwana biyu babu wuta, da naira 50 na yi caji a shagon bakin hanya, ga shi yana zuba a banza. Na tsorata ƙwarai, na ɗauka na lalata wayar, kuma ba ni da wata. Da ƙyar na rufe manhajar na kira Yaya murya na rawa. Ya kwantar mini da hankali, ya ce babu mai wannan sana'ar da bai taɓa sakin zagaye marar tsayawa ba, a kwamfuta ma Ctrl da C ake dannawa a katse shi. Sannan ya ba ni tambayar da har yau nake yi wa kowane while kafin in sake shi: me ke canzawa a cikinka da zai sa wata rana sharaɗin ya ƙi?

Bayan mako guda na sake faɗawa ramin ta wata ƙofar. Na mayar da sharaɗin ya zama muddin tari bai yi daidai da 120,000 ba. Wannan karon kuɗi na ƙaruwa, amma zagayen bai tsaya ba. Jadawali ne ya tona asirin: a mako na 34 tari 119,000, a na 35 ya zama 122,500. Ya tsallake lambar bai taka ta ba, ya wuce abinsa. Wannan tarkon ya fi muni a lambobi masu ɗigo. Ka sa Python ta tara 0.1 ɗaya bayan ɗaya sau goma, ba 1.0 za ta ba ka ba, 0.9999999999999999 za ka gani, saboda yadda na'ura ke ajiye gutsuren lamba da sifili da ɗaya. Mai jiran a yi daidai a nan ba zai ga ranar tsayawa ba.

Zagaye cikin zagaye bai ba ni wuya kamar yadda na ji tsoro ba, domin na riga na san shafin Inna: mako ashirin, a kowane mako hannu ashirin. Sai yatsa ya sauka tun daga sunan farko har na ƙarshe kafin a matsa mako na gaba. Na ciki ya ƙare tas, na waje ya taka ɗaya, na ciki ya koma farko. Zubi 400 ke nan kafin adashe ya kewayo, naira 800,000 ta ratsa langar nan. Da na faɗa wa Inna sai da ta yi salati, ba ta taɓa haɗa jimlar wuri ɗaya ba. Jadawalin sau da ke bayan littattafanmu na firamare, 12 sau 12, shi ma haka yake, gida 144.

Abin da ya rage aikin kullum ne, kuma shi ne ainihin maganin, ko da yake ba shi da daɗin bayarwa a labari. Bayan sallar asuba da sharar tsakar gida, tambaya ɗaya. In rubuta a takarda, in bi da hannu, in ajiye amsar da nake zato a gefe, sannan in taɓa waya. In amsar waya ta saɓa da tawa, ba na gyara komai sai na gano layin da muka rabu. Na ƙirga daga 10 zuwa 1 da baya-baya. Na gina dala da taurari, layin farko ɗaya, na biyu biyu. Na ƙirga wasulan da ke cikin sunayen 'yan gidanmu. Na nemi mace ta farko da ba ta zuba ba na tsaya a kanta da break, na tsallake waɗanda suka riga suka kwasa da continue wurin jera masu jira. Na karɓi farashin buhunan albasar da Baba ya sayar a kasuwanni daban-daban, har da ta Aliero, na nemi mafi tsada da mafi arha. Mafi tsada ya fito daidai. Mafi arha ya fito sifili, domin da sifili na fara kwatantawa, kuma babu buhun da arharsa ta kai nan. Ashe da farashin farko na jerin ake farawa. Wasu tambayoyin sau uku na maimaita su a makonni daban-daban har suka zama jiki.

Wurin karɓar farashin nan ne Baba ya tambaye ni lissafin me nake yi haka kullum, alhali makaranta a rufe take. Na sunkuyar da kai na faɗa masa gaskiya, har da maki 3 ɗin. Ya yi shiru yana jan carbinsa. Na jira faɗa, bai zo ba. Abin da ya tambaya kawai shi ne ko yanzu ina ganewa. Na ce ina ganewa, Baba. Ya ce to, ya tashi ya tafi masallaci. Washegari ya dawo daga kasuwa da littattafan rubutu guda shida ya miƙo mini bai ce komai ba.

Duk da haka akwai ranakun da na ƙosa. Wasu ƙawayena sun yi aure a cikin watannin nan, wasu sun kama sana'a sun ce boko ya ishe su, ni kuwa ina zaune ina ja wa lambobi layi da rula. A irin wannan ranar ce Yaya ya turo mini labarin Ada Lovelace, wata 'yar Ingila da a 1843 ta wallafa bayanai a kan injin lissafin da Charles Babbage ya tsara. A ciki ta shimfiɗa jadawalin matakan da injin zai bi ya fitar da lambobin da ake kira na Bernoulli, har da matakan da za a koma a maimaita. Ba a ƙera injin ba har ta rasu, har shi ma ya rasu. Ke nan a takarda ta bi zagayenta, babu abin dannawa. Python kuwa sai 1991 Guido van Rossum, ɗan ƙasar Holan, ya fitar da ita. Shekara 148 tsakani, ga ni kuma a Jega da takarda da biro ina yin irin abin da matar nan ta yi. Wannan ya ƙarfafa mini gwiwa fiye da duk wani lallashi.

An janye yajin aiki ranar 14 ga Oktoba, muka koma. Ranar jarrabawa da na buɗe takarda na ga zagaye cikin zagaye an ce a faɗi abin da zai fito, gabana bai faɗi ba, rula kawai hannuna ya nema. Na ja gidaje a bayan takardar amsa na bi su ɗaya bayan ɗaya. Na ci darasin da maki mai kyau, alhamdu lillahi. Laftof ɗin ma na saya, ko da yake an wuce mako 35 ɗin, don farashi bai tsaya jirana ba.

A ƙarshen shekarar ne ChatGPT, mai amsa tambayar da aka rubuta masa, ya fito, yanzu kuma ina ganin ƙannenmu suna liƙa masa tambayar aji su kwafi amsa. Ba na ƙin kayan aiki, ni ma ina amfani da shi. Amma ina ji musu tsoro, domin na san hanyar nan, ita ce haddata ta misalai bakwai, sauƙaƙa ta kawai aka yi. Wanda bai taɓa bin zagaye da yatsa ba, in aka miƙo masa range(1, 20) a inda ake son 21, da me zai gane? Karɓa zai yi ya kai wa uwar adashe.

A watan Fabrairun 2023 aka rufe jami'o'i saboda zaɓe, na dawo Jega a tsakiyar wahalar takardun kuɗi da ta biyo bayan sauya fasalin naira 200 da 500 da 1,000. Tsaba ta yi wuya, adashen Inna ya rikice. Wasu matan suna turawa asusun wanmu daga wayar mazajensu, wasu ta wurin mai POS, wasu su kawo rabi a hannu su ce rabi yana hanya. Langa ita kaɗai ta daina isa shaida. Na gyara manhajar ta riƙa bin kowane hannu tana haɗa abin da ya zo a tsaba da abin da ya shigo asusu.

Wata Juma'a littafi ya nuna alama ashirin cif, waya ta ce 38,000. Inna ta dube ni ta saman tabarau. "Wayarki ta sake mance tsohuwa?"

Ban ce e ba, ban ce a'a ba. Na ɗauko takarda da rula na ja layi ashirin. Inna tana karanto suna, wanmu yana duba saƙonnin banki, ni ina rubuta abin da ya taru a kowane layi. Na fara duba na farko, daidai. Na duba na ƙarshe, Gwaggo mai ƙuli, daidai, tsabarta ta aiko ƙulle a leda, 'yan ɗari-ɗari da hamsin-hamsin. Sai muka bi tsakiya. A layi na 12 muka rabu da littafi. Hannu na 11 da na 12 na mace ɗaya ne. Yaronta ya zo ya ce an tura, Inna ta yi alama biyu, alhali 2,000 ɗaya ce ta shigo.

Inna ba ta aiki kowa ba. Bayan magariba ta yafa mayafi ta je da kanta kamar mai zuwa gaisuwa. Ashe matar sau biyu ta tura, na biyun ya maƙale a hanya, kuɗin ya koma mata ba ta lura ba. Ta ce da safe za ta cika.

Da Inna ta dawo ta zauna a bakin tabarma, ta ɗauki takardar da na ja wa layi ta kai kusa da fitila, ta bi ta da yatsa tun daga sama har layi na 12. Ta daɗe a wurin. Sai ta ƙwala wa ƙanwata kira, wadda ke aji biyu na babbar sakandare a lokacin.

"Taho ki zauna wurin yayarki. Ɗauko rula."

Ƙanwata ta zauna ta ja gida uku. Na ce ta rubuta abin da ke cikin langa kafin kowa ya zuba. Ta ɗago ta dube ni, ta dubi Inna, sannan ta rubuta 0.